Takardar Ramin Farar Ƙasa

Kwarin Gawo, ƙasar Gwaram
28 ga Maris, 1975

Zuwa ga ƙanena Malam Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai Dada da ƙafa ta matsa wa. Amma tana ci, tana sha, tana faɗa, ka ga da sauƙi ke nan.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce Batulu. Ni ce 'yar Dada, wadda ita da marigayiya Innarka Fatsuma 'ya'yan wa da ƙani ne. Shekarar da ka yi ƙyanda aka kawo ka gidanmu daga Kangire, ni na riƙa goyonka zuwa rafi. Rubutun nan nawa ne, ba wanda na sa. Ajin Yaƙi da Jahilci na yi kafin maigidana Haladu ya rasu, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri.

Bappa Dabo ne ya ce mana kana Jos, a ofishin da ke kula da abin da ake haƙowa a ƙasa. Shi ya sa na ce bari in kawo maka kukanmu. Akwai ramin farar ƙasa a gindin gonar Haladu. Tun zamanin kakar Dada mata ke haƙarsa. Yanzu mu goma sha huɗu ne. Da an gama girbi muke shiga, mu haƙo, mu jiƙa, mu tace, mu cura, mu shanya, mu kai kasuwar Gwaram. Wani lokaci har Birnin Kudu ake zuwa da ita. Babu ɗakin amaryar da aka shafe a yankin nan ba da ƙasarmu ba. Da ita na riƙe yara uku tun rasuwar ubansu.

To ran Talatar da ta wuce wani ma'aikacin hanya ya tsaya a bakin ramin yana kallonmu. Can ya ce, "Kun san kuwa ƙasar nan ba taku ba ce? Gona taku ce, amma duk abin da ya wuce kaftun garma na gwamnati ne. Kuna da takarda?" Maƙwabciyata A'i ta ce masa, "To gwamnati ta zo ta ɗauki kwando, ga wuri." Aka yi dariya, ya tafi. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne abin da ya faɗa? In gaskiya ne, ka nemo mana takardar, tunda a hannunku take. Ga curi ɗaya na ba Ƙasimu direba ya kawo maka, don ka ga irin abin da nake magana a kai, da 'yar daddawa ta matarka. Amsa kuma ka ba shi, duk sati biyu motarsa tana hawa Jos.

Ni ce yayarka,
Batulu

*

Jos
14 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Yaya Batulu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu wasiƙarki da saƙo, na gode ƙwarai. Ban manta da ke ba. Na ma tuna kunun tsamiyar da kika riƙa ɗura mini ina tofarwa. A gaida Dada, Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan lafiya, an samu ƙaruwar ɗiya mace watan jiya, an sa mata sunan Inna.

Game da tambayarki, mutumin bai yi ƙarya ba. Tun zamanin Turawa doka ta ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa, ko kuza, ko zinari, ko man fetur ɗin da ake ta magana, na hukuma ne. Da aka samu mulkin kai dokar ba ta canza ba, mai ita ne ya canza. Wanda yake son haƙa sai ya nemi lasin. Amma kada hankalinki ya tashi. Ban taɓa jin an je an kori mata masu kwando da fartanya ba, ba ku aka yi wa dokar ba.

Ni a nan aikina zanen taswira ne, ba ni ke ba da lasin ba, amma na san waɗanda ke bayarwa, teburinsu na kallon nawa. Zan bincika yadda ake yi.

Bari in ba ki labari mai daɗi. Curin nan da kika aiko na ajiye shi a kan teburina ina danne takardu da shi. Wani abokin aikina mai gwajin duwatsu ya gutsura ya tafi da shi. Kwana uku sai ga shi ya dawo yana cewa shekararsa tara yana aikin nan bai ga farar ƙasa mai tsabtar wannan ba. Wai irinta ake yin tangaran da fenti da takardar rubutu. Yaya, ashe arziki kuke zaune a kai. Duk wanda ya shigo ofis sai na nuna masa, in ce daga gidanmu take.

Abin da nake buƙata yanzu shi ne kwatance. Ramin ba ya cikin taswirarmu. Ki rubuto mini nisansa daga Gwaram, ta wace hanya ake bi, da alamomin da ke kusa, dutse ko rafi ko babbar bishiya. Ba a neman takarda a kan wurin da ba a san inda yake ba.

Naki ƙanen,
Iliyasu

*

Kwarin Gawo
9 ga Mayu, 1975

Malam Iliyasu,

Gaisuwa da barka da arziki, Allah ya raya Fatsuma ƙarama. Dada ta ce a kawo ta ta gani kafin idonta ya ƙarasa. Mun samu ruwan fari shekaranjiya, bai kai na shuka ba.

Wasiƙarka sau uku na karanta wa matan a bakin rami. Da na zo wajen tangaran A'i ta ce, "Ashe kwanon da hakimi ke cin tuwo a ciki gumina ne." Yanzu ba ta kiran ka sai Malamin Tangaran.

Ga kwatance. In ka bar kasuwar Gwaram ka miƙi hanyar shanu ta kudu. Mai tafiyar ƙafa in ya fita bayan sallar asuba zai iso kafin hantsi ya dube shi. Za ka wuce wani dutse mai kama da turmi a kife, daga nan ka saki hanya ka yi hagu, ka haye rafin da ba ya ƙafewa sai bazara. Akwai gawo uku a jere, na tsakiya tsawa ta taɓa raba shi. Ramin yana gabas da su, taku ɗari biyu da talatin. Ni na auna da ƙafata jiya, na sake aunawa yau, ya yi daidai.

In za a rubuta suna a takardar, kada ka sa nawa ni kaɗai. Na jera maka sunayenmu goma sha huɗu a bayan wannan. Dada ce ta fari, ko da yake ta daina shiga ramin, don ita ta nuna wa yawancinmu inda jijiyar mai kyau take.

Matan sun haɗo maka gyaɗa tiya huɗu, tana wajen Ƙasimu.

Yayarka,
Batulu

*

Jos
20 ga Oktoba, 1975

Yaya Batulu,

Barka da Sallah, da fatan kun sha ruwa lafiya. Ki gafarce ni da shirun da na yi, aiki ne ya yi yawa. Yanzu ma a tsaye nake rubutun nan, Ƙasimu na jira, gobe kuma an tura ni kwas Inugu na wata shida.

Maganar ramin, an riga an fitar da takarda a kansa. Bayanin yana da tsawo, ba na wasiƙar tsaye ba ne. In na dawo zan zo da kaina in yi miki. Wataƙila ki ga mutane sun zo awo. A gaida Dada.

Iliyasu

*

Kwarin Gawo
18 ga Disamba, 1975

Ƙanena Malam Iliyasu,

Gaisuwa da godiya wadda baki ba zai iya ba. Muna lafiya, an yi Layya lafiya, gero ya yi kyau bana, dawa ce tsuntsu ya taɓa. Na san kana Inugu, amma Ƙasimu ya ce zai ajiye maka wannan a ofis, in ka dawo ka tarar.

Ranar da saƙonka ya zo cewa takarda ta fito, A'i ta rangaɗa guɗa har mazan da ke aikin gona suka zo tambaya ko haihuwa aka yi. Dada ta sa aka yi gumba aka raba wa yara sadaka. Ta ce lallai marigayiya Innarka Fatsuma ta haifi ɗa.

Mutanenka kuwa sun zo, kamar yadda ka ce. Su biyar ne a mota mai tanti, da safiyo mai awon ƙasa, da wani mai farar riga da suke kira wakili. Ba su sha wahalar neman wurin ba, na ga wata 'yar takarda a hannun wakilin yana dubawa yana cewa ga turmi, ga gawo uku. Na ce a raina, kwatancena ne. Kwana huɗu suka yi, mu muka ciyar da su. Na yanka zakaran da nake ajiye wa Zahara'u, 'yata ta fari. Ni da A'i muka zaga da su, muka nuna musu har inda jijiyar ta bi ta ƙarƙashin gonar Haladu, don kada a bar mana wani yanki a waje. Duk kusurwa sun kafa turken siminti mai lamba.

Ranar tafiyarsu wakilin ya fito da takarda da Turanci, ya ce ana son mai gonar da ke maƙwabtaka ya shaida cewa an yi awo lafiya ba gardama. Ya fito da tawadar dangwale. Na ce masa, "Mayar da tawadarka, Malam, ba ni alƙalami." Ya dube ni, ya miƙo. Na rubuta sunana a gaban mai unguwa da matan duka. Ban taɓa jin daɗin karatuna irin na ranar ba.

Na tambaye shi yaushe za a ba mu tamu takardar mu riƙe. Ya ce komai yana Jos. To in ka dawo ka taho mana da ita. Na sa an ɗinka mata jakar fata.

Yayarka mai godiya,
Batulu

*

Kwarin Gawo
11 ga Maris, 1976

Malam Iliyasu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita. Wannan ce ta uku da na rubuto tun bayan Layya, ban san ko ta biyun ta iso ba. Ƙasimu ya ce masinjan ofishinku yana karɓa ya jefa a aljihun teburinka.

Akwai abin da ban gane ba. Sati uku da suka wuce babbar mota ta sauke waya mai ƙaya da turaku. Muka ɗauka katange mana za a yi saboda shanu. Da suka gama suka sa ƙofa, suka sa kwaɗo, suka ajiye maigadi, wani Ɗan'azumi, baƙo ne, ba mu san shi ba. An kafa allo, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Hausar na karanta: Kamfanin Zakaran Dutse, ba a shiga sai da izini.

Na ce wa maigadin mu ne masu takardar. Ya ce, "Ina take?" Na ce tana Jos wajen ƙanena. Ya ce, "Inna, ni abin da aka ce mini, ko akuya kada ta shiga." Curin da muka shanya a ciki, aikin wata biyu, ya hana mu kwashewa. A'i ta bi ta ƙarƙashin waya ta ɗebo kwando ɗaya, nata na kanta, da hannunta ta cura. Ya kama ta ya kai ta gaban dagaci, ya ce sata. Dagaci ya sallame ta, amma ya ce kada a sake, don an nuna masa takarda mai hatimi, kuma ba sunanmu a ciki.

Na ce wa matan kuskure ne na ofis, wataƙila kamfanin nan kwangilar katanga aka ba shi ya zarce. Na sake karanta musu wasiƙarka. A'i ta ce, "Sake karanta layin nan a hankali." Na karanta: an riga an fitar da takarda a kansa. Ta ce, "Ya ce wa aka fitar wa?" Na duba gaba, na duba baya. Ba ka ce ba.

Iliyasu, wa aka fitar wa?

Batulu

*

Jos
3 ga Mayu, 1976

Yaya Batulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Dada. Na dawo ran Alhamis, na buɗe aljihun tebur na tarar da wasiƙunki uku. Na karanta su bi da bi yadda kika rubuto. Da na kai inda kika karɓi alƙalami sai na kasa ci gaba, na fita bayan ofis na zauna. Yau kwana huɗu ina fara wannan ina yagawa. Zan faɗi abin yadda yake.

Tun sati biyu bayan wasiƙarki ta biyu na san ba za ku samu lasin ba. Na karɓi fam ɗin neman lasin na karanta. Ana son mai nema ya kawo taswirar safiyo mai rajista, da shaidar banki cewa yana da ƙarfin yin aikin, da sunan injiniyan da zai kula. Babu layin da aka tanada domin mata goma sha huɗu. Ya kamata in rubuto miki a ranar, in ce ku ci gaba da haƙarku shiru, ba wanda ya san da ku. Ban yi ba. Kin ɗauke ni babban mutum, matan sun aiko da gyaɗa, na ji kunyar in ce ni mai zane ne kawai. Na riƙa cewa zan samo wata hanya.

Akwai wani ɗan kwangila, Alhaji Barau, mai Kamfanin Zakaran Dutse, yana yawan shigowa neman taswira. Ya ga curin a teburina ya tambaya. Na ba shi labari da alfahari, har sakamakon gwajin na nuna masa. Ya ce zai so ya riƙa saye daga hannunku da mota, ku huta da kai kasuwa. Na yi murna. Na kwafe masa kwatancenki, taku ɗari biyu da talatin da komai. Wannan ce takardar da kika gani a hannun wakilinsa.

A watan Satumba fayil ya iso teburina don in sa wurin a taswira. A nan na ga ya nemi wurin da sunan kamfaninsa, kuma an amince. Bai karya doka ba, Yaya. Wuri ne da ba wanda ya riƙe, ya cika sharuɗɗa, aka ba shi. Ni na zana murabba'in da jan alƙalami, gonar Yaya Haladu rabinta a ciki.

Da na rubuta miki cewa an riga an fitar da takarda, nufina an riga ku. Na san layin yana iya ɗaukar ma'ana biyu. Na gani tun kafin in liƙe ambulan. Na bar shi haka don ba na son in zama ni na faɗa, na ce in na zo da kaina zai fi sauƙi. Ban kawo cewa za su zo awo da wuri haka ba.

An ba da kwana talatin ga mai ƙorafi. An liƙa sanarwar a Birnin Kudu, kwanakin sun cika tun kafin Layya. Takardar da kika sa wa hannu ba ta awo kaɗai ba ce. Tana cewa mai gonar ba ta da ja a kan aikin. Tana cikin fayil, shafi na goma sha ɗaya. Na je wajen shugabana da wasiƙunki, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce da babu sa hannun nan da an samu abin kamawa.

Lasin ɗin na shekara ashirin da ɗaya ne. Za a biya ki diyyar amfanin gonar da aka taɓa, ban da ƙasar, don ƙasar a wajen doka ba taki ba ce.

Ban san da wane baki zan nemi gafara ba, amma ina nema.

Iliyasu

*

Kwarin Gawo
22 ga Nuwamba, 1976

Malam Iliyasu,

Gaisuwa. Muna nan. Dada ta daina fita, sai an ɗauke ta an kai rana.

Wasiƙarka ta zo tun farkon damina. Ban amsa ba don ban san me zan ce ba, kuma ba na son in rubuta abin da zan zo ina istigfari a kansa. Tufafin da ka aiko wa yara na karɓa, ba su suka yi maka laifi ba.

Na karanta wa matan ita duka, ban tsallake layi ba, har inda ka ce shafi na goma sha ɗaya. Da na gama, Hajjo, matar mai unguwa, ita ce ta fara tashi. Ta ce, "Shekara ɗari muna dangwale ba a ƙwace mana komai ba." Ta yi tafiyarta. Tun daga ranar in na iso rijiya hira takan mutu. Ba wadda ta zage ni. Suna aka yi a gidan Hajjo, daga bakin yara na ji.

A'i ce kaɗai ba ta canza ba. Ta ce mini, "Ke kika aika curi, ni na nuna musu jijiya, shi ya ba da kwatance. In za a raba laifi kowa ya samu ƙunshinsa. Taso mu je itace." Itacen muke yi yanzu, mu kai bakin hanya.

Katafila ta zo bayan Sallah ƙarama. Abin da muka yi shekaru muna bi da fartanya a hankali, a sati ɗaya ta yashe shi. Ta ture gawo biyu. Rabin gonar Haladu yanzu rami ne mai zurfin soro, ragowar kuma sun zube mata jar ƙasar da suka kware daga sama, ko ƙarangiya ba za ta fito a kai ba. An kira ni Gwaram aka ba ni diyyar geron da ke kai. Wakilin ya miƙo alƙalami yana murmushi. Na ce ya ba ni tawada.

Sun ɗebi maza shida aikin lebura. Mun je mu ma, A'i ta ce masa mun fi kowa sanin ƙasar nan, ko tankaɗe ne a ba mu. Ya ce kamfani ba ya ɗaukar mata.

Ka ce za ka zo. Kada ka zo yanzu. Ba don ni ba, don mutanen nan ba su huce ba.

Batulu

*

Jos
17 ga Yuli, 1978

Yaya Batulu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Wannan ce ta huɗu tun wasiƙarki ta ƙarshe. Ƙasimu ya ce yana ba ki hannu da hannu, kina karɓa, kina cewa a gaishe ni. Shi ya gaya mini rasuwar Dada, wata biyu bayan an yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ban kawo mata yarinyar ta gani ba.

Ina da labari, ban san ko mai daɗi ba ne. Kamfanin Alhaji Barau ya tsayar da aiki tun bara, kin fi ni sani. Masana'antar da zai riƙa sayar wa ba a gama gina ta ba, fenti da tangaran kuma ga su nan jirage na saukewa daga waje da araha, ba mai neman ƙasar gida. Shi ya koma kwangilar siminti a Ikko.

Da na ji haka na ɗauka dama ta samu. Na rubuta takarda ina roƙon a soke lasin ɗin tunda ba a aiki. Sau biyu ina rubutawa. An aika masa tambaya, lauyansa ya amso cewa dakatawa aka yi, za a dawo, kuma kuɗin hayar wurin na shekara yana biya ba fashi. Muddin haka ne, sokewa tana da wuya. An kuma ja mini kunne cewa mai zane ba ya sa baki a fayil.

Kin ji sabuwar dokar filaye da aka yi a watan Maris, wadda ta sa ƙasa duka a hannun gwamna amana. Na karanta ta daga fari har ƙarshe ko zan samu wata kafa. Babu. Ta saman ƙasa take magana, na ƙarƙashi yana inda yake.

Abu ɗaya nake roƙo. Ƙasimu ya ce wayar ta fara zubewa, mata na shiga. Na san yadda katafila ke barin bango, a tsaye take yanka shi, ba kamar yadda kuke bi da gangare ba. In ya sha ruwan damina biyu ba shi da amana. Ki gaya musu. Ko ba za ki amsa mini ba, ki gaya musu wannan.

Ƙanenki,
Iliyasu

*

Kwarin Gawo
6 ga Fabrairu, 1979

Malam Iliyasu,

Ina gaishe ka da iyali. Ni da yara lafiya. Ta'aziyyarka ta Dada ta iso, na gode.

Saƙonka na bango na faɗa musu. Gida gida na bi, har gidan Hajjo. Ta saurare ni daga bakin ƙofa, ta ce, "Wata takardar ce kuma daga Jos?" Suka ci gaba da shiga. Ban ga laifinsu ba. Gero bai yi ba bana, ga farar ƙasa a buɗe tana haske tun daga hanya, ba mai taɓa ta. Ɗan'azumi maigadi in ya tafi masallacin Juma'a a Gwaram ba ya dawowa sai la'asar. Wannan ne lokacin.

Ni ma na shiga, kada ka ɗauka na fi su. Tun bayan girbi duk Juma'a muna ciki. Tsakiyar ramin ruwa ne kore, ƙasa mai kyau tana jikin bangon gabas, sai an rarake ƙarƙashinsa.

Juma'a uku da suka wuce muna mu biyar. Na cika kwandona na hau sama in juye. A'i ta ce in taho mata da ruwan sha. Ban ji wata ƙara mai yawa ba, kamar an sauke buhu ne daga kan jaki. Da na juyo babu bangon. Hajjo ƙafarta ce ta karye, an ja ta. Sauran biyu sun tsira. A'i tana can ciki inda ta fi rarakewa.

Maza duk suna masallaci. Da hannu da fartanya muka tona, mu da muka san ƙasar nan. Mun same ta bayan la'asar. Ta yi fari fat, har gashin ido. Ni na yi mata wanka, ruwa uku ina canzawa yana fita kamar nono.

Ta bar yara huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba.

Bayan kwana bakwai wakilin kamfani ya zo. Ya yi ta'aziyya, ya kawo buhun shinkafa. Sannan ya karanta wa mai unguwa takarda cewa wadda ta rasu ta shiga wurin da ba ta da izini, ta ɗebi abin da ba nata ba, saboda haka ba ruwan kamfani, kuma albarkacin rasuwar ba za su kai sauranmu ƙara ba. Mijin A'i ya yi godiya. Me zai ce? Kafin wakilin ya tafi ya sa aka gyara wayar. Ina jin rahoton zai zo ofishinku. In ya biyo ta teburinka, sunanta A'ishatu ne, 'yar Malam Abu. Su "wata mace" kawai suka rubuta.

Ka nemi gafara tun shekara uku ban ba ka amsa ba. Na yafe maka, Iliyasu, duniya da lahira. Ba don zuciyata ta yi sanyi ba. Na ga yadda ake fita da kwando a ce a taho da ruwa, ba na son in tafi da kai a wuyana.

Jibi zan tashi. Bappa Dabo ya ba ni ɗaki a Sundimina, akwai gidajen da ke neman mai daka da surfe. Ragowar gonar na bar wa 'yan'uwan Haladu, in sun iya da jar ƙasar. Zahara'u za ta zauna gidan mijinta, ƙananan biyu za su bi ni. Mijin A'i ya ba ni ƙaramin in riƙe, shi ma da shi zan tafi. Har yanzu in ya ji an sauke kwando a tsakar gida sai ya leƙo.

Motar Ƙasimu ba ta bi ta Sundimina. Ka huta da rubutu.

Yayarka,
Batulu